Babi na Biyar: Sunan da Tata Ta Bari

Idan ka baro Kano ka miƙi titin Zariya da tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya bushe ƙayau, kana wuce Kura sai idonka ya faɗa kan kore shar, dama da hagu. Ga alkama, ga albasa, ga masara ta yi goyo a watan da ba a ga ɗigon ruwan sama ba, ga kwandunan tumatir jere a bakin hanya har zuwa Kwanar Gafan. A Kadawa akwai masana'antar tumatir ta gidan Ɗangote, wadda aka buɗe a 2016 da niyyar ta riƙa niƙa tan 1,200 kowace rana. A shekarar ce tsutsar nan da manoma suka laƙaba wa suna sharon ta cinye gonaki, injuna suka tsaya babu abin niƙawa. Manoman yankin suna da labarai da yawa game da masana'antar, masu daɗi da masu ɗaci. Ni kuwa duk lokacin da na gifta ta, wata tsohuwa ce ke faɗo mini a rai, wadda ta yi zamaninta nan kusa, a Bebeji, sama da shekara ɗari kafin a aza tubalin farko na ginin.

Sunanta Tata. Baiwa ce a gidan wani falke mai suna Abdullahi, daga cikin Agalawan da ke safarar goro tsakanin Kano da Gwanja. A 1877 aka haifa wa Abdullahi ɗa a Bebeji, aka raɗa masa Alhassan. Yaron yana da kimanin shekara 8 mahaifin ya rasu. Mahaifiyarsa, wadda ake kira Amarya, ita ma 'yar kasuwa ce, sai ta tashi ta koma Akra, can bakin teku a Gana ta yau, ta bar Alhassan da 'yan'uwansa a hannun tsohuwar. Tata ta riƙe su. Masu ba da tarihin gidan suna cewa ita ta koya wa yaron tattali da ajiya a asusu tun yana almajiri. Da ya tasa ya bi ayari har Akra ya ga mahaifiyarsa, amma bai zauna ba, Bebeji ya dawo. Mutanen gari kuwa sun riga sun yanke wa yaron sunan da za su kira shi da shi: Ɗan Tata.

Saura labarin sananne ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912, Alhassan ya zama babban mai saye. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, ya kai ajiyar kuɗin azurfa a kan raƙuma 20. Ya rasu a watan Agusta na 1955, ana lissafa shi attajirin da ya fi kowa dukiya a Afirka ta Yamma. Yau sunan yana jikin kamfanoni da masallatai da gine-ginen jami'a, kuma duk wanda ya furta shi, sunan baiwar da ta riƙe maraya yake furtawa, ko ya sani ko bai sani ba.

Riƙon bai tsaya nan ba a zuriyar. Aliko Ɗangote, wanda aka haifa a 1957, ɗan Hajiya Mariya ne, 'yar Sanusi Ɗantata, jikar Alhassan. Shi ma yana ɗan shekara 8 mahaifinsa ya rasu a 1965, kakansa na wajen uwa, Alhaji Sanusi, ya ɗauke shi ya raine shi. Ƙanin Aliko, marigayi Sani Ɗangote, shi ne ya jagoranci kafa masana'antar ta Kadawa. Ban kawo wannan don in ce riƙo hanyar arziki ba ne. Cikin dubban yaran da aka riƙe a ƙasar Kano, akasari manoma suka zama, da masu ɗinki, da matan aure a ƙauyuka, kuma riƙonsu bai gaza na Alhassan daraja ba. Na kawo shi ne domin a labarinsa kaɗai na ga an biya mariƙiya da abin da ya fi tsada a wurin Bahaushe, wato suna.

Ni ma ɗan riƙo ne. Ni ne ɗan fari a ɗakinmu, mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai ta ce “wannan yaron”. Ranar da aka yaye ni aka kai ni wurin yayar mahaifina, a wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, da sunan in kwana biyu in manta da nono. Kwana biyun nan ya zama shekara 16. Gwaggo ba ta taɓa haihuwa ba, kowa kuma ya san dalilin da ya sa aka zaɓi ɗakinta, ko da yake babu wanda ya furta. Haka ake yi. Ba a barin mace ta tsufa babu yaron aike, babu wanda zai kwana a bayanta, alhali ɗan'uwanta yana da 'ya'ya.

Wannan tsari ya daɗe. Baba ta Karo, Bahaushiyar ƙasar Zazzau da aka haifa a 1877, shekara ɗaya da Alhassan, ta ba Baturiya Mary Smith labarin rayuwarta, aka buga shi littafi a 1954. Baba ta yi aure huɗu ba ta haihu ba, amma ba ta rasa 'ya'ya ba, domin dangi sun ba ta, ta raina, ta aurar, ta ga jikoki. Ƙofofin riƙo suna da yawa. Akwai kunyar ɗan fari, akwai yaye, akwai rashin haihuwa, akwai mutuwar aure da ke barin yaro tsakanin kishiyar uwa da zama agola a gidan wani, akwai maraici, akwai kuma neman ilimi ko sana'a, inda ake ba malami ko ɗan kasuwa yaro. Ba a rubuta komai. Magana ce tsakanin manya bayan sallar isha'i, washegari a ƙulla wa yaro tsummokaransa a ɗankwali. Abin da ke tsare yaron shi ne idon dangi, da tsoron kada a ce wance ta yi wa ɗan ɗan'uwanta riƙon sakainar kashi.

Sai ruwa ya zo. Gwamnatin Audu Baƙo ta fara gwajin noman rani a Kadawa a farkon shekarun 1970 da ruwan Bagauda, sannan aka kammala madatsar Tiga a 1974, daidai lokacin da fari ya gama gigita Arewa da Nijar. Aka haƙa babban kanal da ke gangaro da ruwa ba tare da inji ba, aka tsara kashi na farko na aikin zai shayar da kadada 22,000 a ƙasar da yau ta zama ƙananan hukumomin Kura da Bunkure da Garun Malam. A 1976 aka kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, aikin ya koma hannunta. An auna gonakin mutane, an baje su, an yanka su murabba'i, an mayar wa masu su. Kafin nan, da an gama kaka an kai amfani rumbu, samari sun tafi ci-rani, yara sun koma allo, gari ya yi shiru sai mai jigo a fadama. Bayan zuwan kanal rani ya daina zama hutu. Mu da muke tura 'yan ci-rani muka koma masu karɓarsu, daga Katsina, daga Daura, daga Damagaram da Maraɗi. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a yankin a ƙarshen shekarun 1970, ta lura da yadda noman ya koma na mai kuɗin taki da ƙwadago, ƙaramin manomi kuwa sau da yawa sai ya ba da hayar gonarsa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda wannan ya taɓa yara. Noman rani aiki ne mai cin hannuwa, kuma da yawan aikin ƙananan hannuwa ke yin sa. Yaro ne ke tsayawa a bakin kwata yana juya ruwa daga wannan fangali zuwa wancan. Yaro ne ke wuni a gonar shinkafa yana kaɗa gwangwani da ihu don korar jan-baki. Idan tumatir ya yi kwantai a kasuwa, mata da 'yan mata ne ke yanka shi su shanya. A cikin gida ga turara shinkafa, ga shanya ta, ga kai ta inji. Matan aure suna kulle, saboda haka duk wata sana'ar da mace ke yi a ɗaka, ƙafar yarinya take buƙata, abin da Enid Schildkrout ta bayyana dalla-dalla a bincikenta kan yaran birnin Kano a waɗancan shekarun. A gona kuma ga ɗaruruwan 'yan ƙwadago da ke jiran mai tallan shinkafa da wake. Da gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, kuɗi ya shigo ƙauyenmu irin wanda tsofaffi ba su taɓa gani ba. Daga lokacin, in mace ta aika wa ƙanwarta a wani gari cewa a ba ta yarinya ta riƙe, sai an dubi maganar sau biyu kafin a san ko kewa ce ta sa ta, ko kuwa tukunyar sayarwa.

A gidan da na tashi mu biyu ne 'yan riƙo. Abokiyar zaman Gwaggo ita ma ta ɗauko 'yar wani ɗan'uwanta daga can wajen Rano, yarinyar ta girme ni da shekara 3, ina kiranta Yaya. Rufi ɗaya, tukunya ɗaya, maigida ɗaya, amma rayuwarmu ta sha bamban. Ni da safe ina firamare, da yamma ina allo. Yaya kuwa tun asuba tana bakin murhu, da hantsi ta ɗauki tire ta bi gefen kanal, ba ta dawowa sai ta sayar. Ba a dukanta fiye da sauran yara, ba a hana ta abinci, mariƙiyarta ma ta yi mata kayan ɗaki na gani na faɗa da kuɗin tallan. Duk wanda ya leƙo gidan zai ce ana riƙonta da kyau. Amma na tuna shekarar da muka kamu da tsargiya, kamar yawancin yaran da ke wanka a kanal. Ranar da Gwaggo ta ga jini a wandona ba ta jira maigida ya dawo daga gona ba, ta yafa mayafi ta ja hannuna zuwa asibitin sha-ka-tafi. Yaya ta fi wata biyu tana fitsarin jini kafin wani ya tambaye ta. Ita ma ba ta faɗa ba, don ta riga ta koyi cewa a gidan nan ciwonta ba labari ba ne.

Na daɗe ina juya wannan a zuciyata. Mariƙiyar Yaya ba muguwa ba ce, mace ce mai 'ya'ya shida da ke neman rufin asiri. Bambancin shi ne Gwaggo ɗa ta nema, ita kuwa mataimakiya ta nema, kuma kalma ɗaya ce, riƙo, ta lulluɓe buƙatun biyu. Muna cewa ɗa na kowa ne, kuma gaskiya ne, wannan maganar ta ceci rayuka da yawa. Sai dai a ƙarƙashinta ne kuma yarinya kan zama ta kowa a wajen aike, in ta kwanta ciwo a rasa mai ita. Mahaifin Yaya sau biyu na taɓa ganinsa a gidanmu cikin shekara 9. Da yana zuwa ko da sau ɗaya a wata, ya zauna a zaure ya ce a kira masa ita, ya dubi idonta, na tabbata da an sa ta makaranta.

Addini bai bar wannan fage babu iyaka ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, shi kansa ya tashi a hannun Halimatus Sa'adiyya, sannan kakansa Abdulmuɗɗalibi, sannan baffansa Abu Ɗalibi, daga baya shi ma ya ɗauki Ali ya riƙe a gidansa lokacin da yunwa ta matsa wa Makka. Ya yi wa mai kula da maraya albishir da kusanci da shi a Aljanna. Abin da aka hana, a cikin Suratul Ahzabi, game da Zaidu ɗan Harisa, shi ne a shafe nasabar yaro a jingina shi ga wanda bai haife shi ba. Saboda haka ɗan riƙo yana nan da sunan ubansa, yana gadon iyayensa na jini, ba ya gadon mariƙinsa. Idan ba nono ya haɗa su ba, yana iya auren 'yar gidan da ya tashi. Ko Alhassan, laƙabi ne ya ɗauka daga Tata, amma ɗan Abdullahi yake har kabarinsa. Majalisar Ɗinkin Duniya ma, a yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, ta ambaci kafala da sunanta a matsayin hanyar kula da yaron da ya rasa gidansu.

Maganar gado ce ke ƙona mutane a Kadawa, domin eka guda da ruwan kanal ke kaiwa ta fi eka da yawa a tudu. Yaro ya yi shekara 20 yana noma gonar mariƙinsa, ya san kowace kunya, ya san inda ruwa ke kwanciya. Ran da mai gonar ya rasu, magada su zo da igiyar awo, shi yana tsaye a gefe. Shari'a ba ta zalunce shi ba, domin ta buɗe ƙofa biyu. Mutum na iya yi wa wanda ba magajinsa ba wasiyya har sulusin dukiyarsa, yana kuma iya ba shi kyauta tun yana raye, muddin wanda aka ba ya karɓa ya mallaka a gaban shaidu. Mu ne ba ma shiga ƙofofin. Muna jin nauyin maganar mutuwa, muna tsoron fushin 'ya'yan cikinmu, sai mu yi ta cewa gobe. Haka jikan da ubansa ya riga kakansa rasuwa, baffanninsa suna shamakance shi daga gado. Masar ta toshe wannan giɓin tun 1946 da dokar wasiyya ta tilas. A nan abin yana hannun kakan, in ya yi kafin ya mutu, yaro ya tsira da gona, in bai yi ba shi ke nan. Ina ganin wannan magana ta fi cancantar hawa mumbarin Juma'a a Kura da Bunkure fiye da abubuwa da yawa da ke hawa.

Gwamnati tana da nata hannun, amma gajere ne. Akwai gidan yara na Nassarawa a cikin birni, ƙarƙashin ma'aikatar mata, inda ake kai jariran da aka tsinta da yaran da suka ɓata, kuma daga can iyalai kan nemi a ba su riƙo. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta fito a 2003, Kano ba ta sa hannu kan tata dokar kare yara ba sai a watan Mayu na 2023, bayan shekara 20 ana jan magana. A tsakani, a 2019, 'yan sanda suka gano yara 9 da aka sace daga Kano aka kai Anaca, aka sauya musu suna da addini, wasu har sun manta Hausa. Wannan ya nuna wa kowa abin da ke faruwa idan yaro ya bar hannun iyayensa babu wanda ke bin sawu. Ba na goyon bayan a mayar da kowane riƙo sai an je kotu, domin ranar da aka ce Gwaggo sai ta cike takarda kafin a ba ta ɗan ƙaninta, ranar zumunci ya mutu. Amma mai unguwa ya san kowane gida. Ba abu ne mai wuya ba ya san yara nawa ne a unguwarsa ba sa hannun iyayensu, daga ina suka zo, wa ke zuwa duba su, kuma suna zuwa makaranta ko ba sa zuwa.

An aurar da Yaya tana da shekara 14 ga wani mai sayen tumatir. Ta haifi tara, shida suka rayu. Muna haɗuwa a biki da suna, kullum sai ta ƙulla mini wani abu a leda, busasshen tumatir ko 'yar shinkafa, ta ce in kai wa iyali. A shekarar da sharon ta cinye gonaki mijinta ya karye, ya tafi kudu neman kuɗi, aike ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Ita kuma ciwo ya kwantar da ita, kafin damina ta kama ta rasu.

Ranar sadakar bakwai, bayan mutane sun watse, Gwaggo ta aika a kira ni ɗakinta. Ta tsufa ƙwarai, idonta ya yi hazo, sai ta lalubo hannuna ta riƙe.

“Ka ga autan marigayiya?”

“Na gan shi, Gwaggo.”

“Na ji ana cewa za a ba wani mai gona a Gafan, wai yana neman yaro.” Ta yi shiru, ta daɗe. “Tare kuka ci tuwo da uwarsa. Kai ka yi karatu, ita ta yi talla, ina kallo ban ce komai ba, don ba ɗakina ba ne. Wannan nauyin yana wuyana. Ba ni da ƙarfin sauke shi, sai dai kai.”

Ban amsa nan take ba, sai da na yi shawara da maiɗakina, domin ita za ta yi riƙon, ni dai suna ne nawa. Ta tambaye ni abu ɗaya, ko dangin uban sun yarda. Na je na sami baffan yaron a gonarsa, muka zauna a gindin mangwaro tare da mai unguwa da limami. Na ce ya riƙa zuwa yana ganinsa, duk hutun makaranta kuma zan kawo shi ya kwana cikin 'yan'uwansa. Ya ce ya ji, Allah ya taya riƙo.

Yaron yana da shekara 7, bai taɓa shiga aji ba. Ran Litinin na kai shi firamaren da 'ya'yana ke zuwa. Malamin da ke ɗaukar sunaye ya san ni, ya rubuta sunan yaron, ya zarce zai rubuta nawa a gaba. Na dakatar da shi, na faɗa masa sunan mahaifinsa, na ce nawa ya sa a layin ƙasa, wurin mai kula da yaro. Ya rubuta, ya nuna masa benci. Yaron bai saki gefen rigata ba sai da ƙaramar 'yata ta leƙo daga ajinsu ta kira shi, ta ce, “Yaya, taho ga wuri nan.”